Ƙarami Ya Ja Wuta Zuwa Gareji

Shekararsa hamsin da huɗu, furfura ta cinye masa gemu, ya aurar da 'ya ɗaya, amma har yau Ƙarami ake ce masa. Mahaifiyarsu ce ta raɗa musu shi da yayansa, wancan Babba wannan Ƙarami, sunan kuwa ya bi su har tsufa. Ko mutanen da ke zuwa sayen ƙwan fitila a shagonsa na kayan lantarki, cewa suke an turo su wurin Ƙarami, shi kuma ya miƙe daga kujera yana dafa gwiwa ya ba su.

Ranar wata Talata da hantsi yana tsaka da auna wa wani kebul, sai wayarsa ta yi ƙara. 'Yar Babba ce, ita kaɗai ya haifa, tana aure a wani gari mai nisa. Ta ce mahaifinta yana asibiti kwana goma sha ɗaya ke nan. Huhunsa ya ƙare, likitoci sun ce babu sauran abin da za su yi masa, sai dai a mai da shi gida da na'urar da za ta riƙa ba shi iska ta hanci. Gidan kuwa ɗaki ɗaya ne na haya a saman bene, shi kaɗai yake zaune tun da mahaifiyarta ta rasu. Ita ga ta da tsohon ciki, an hana ta tafiya ko ta nan da can. Ta ce ya gargaɗe ta kada ta kira kowa.

"Baba Ƙarami, na saɓa masa," in ji ta. "Ban san wa zan kira ba in ba kai ba."

Ya ce mata ya ji, ta kwantar da hankalinta. Ya ƙarasa aunin, ya yanke, ya naɗe wa mutumin kayansa. Sannan ya jawo ƙofar shago ya kulle da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba.

Shi da Babba ba faɗa suke yi ba. Da faɗa ne ma da tuni an zaunar da su an sasanta. Shekara ashirin da uku da suka wuce tare suke aiki. Babba ne mai sana'ar, shi ya koya wa ƙanensa riƙon filaya da sukudireba, kuma a lokacin in ana neman masu jan wuta a unguwa, su ake fara tunawa. Wata rana suna haɗa wuta a wani gidan burodi. Ƙarami ya kashe babban makunni da ke waje da hannunsa, ya shiga ciki yana ɗaura wayoyi a akwatin rarraba wuta, ya bar Babba a waje tare da mai gidan burodin. Abin da ya sani daga nan shi ne wani farin haske da ƙauri, sai farkawa ya yi a gadon asibiti. An yanke masa ƙaramin yatsan dama da na kusa da shi, na tsakiya kuma ya sandare, har yau ba ya lanƙwasuwa.

Babba ya gaya wa kowa, har da Inna mahaifiyarsu, cewa yaron ne ya yi ganganci, ya taɓa waya bai kashe wuta ba. Ƙarami yana kwance yana ji. A ranar ciwo bai bar shi ya yi magana ba, daga baya kuma maganar ta riga ta zauna a bakin mutane. A ransa ya samar wa yayansa uzuri: ƙila ya ji kamar an ce an gama ne, shi ya sa ya kunna. Amma ƙaryar da ta biyo baya, ita ce ta ƙi wucewa. Da ya warke bai koma aikin ba, ya buɗe shago, ya koyi rubutu da hagu. Bayan rasuwar Inna, Babba ya tattara ya koma wani gari. Daga nan sai gaisuwar waya sau biyu ko uku a shekara: ya gida, ya yara, lafiya lau, a gaishe su.

Da ya isa asibitin washegari, sai da ya wuce gadon ya dawo. Mutumin da yake saɓa tsani da hannu ɗaya ya koma ƙashi da fata, ga siririn bututu a hancinsa, kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka da kowane numfashi. Idanun ne kawai ba su canja ba. Babba ya dube shi sama da ƙasa ya tambayi wanda ya ce ya zo.

"Tashi mu tafi gida, Yaya," in ji Ƙarami.

Gidan Ƙarami ɗaki biyu ne da falo, ɗaya nasa da matarsa, ɗaya na 'yan matansa biyu da suka rage. Matar ta fitar da kujeru, ta shimfiɗa katifa a falon, aka jona na'urar a soket ɗin talabijin. Na'urar ba ta fi ƙaramar akwati ba, tana gurnani a hankali dare da rana. An haɗo su da 'yar tukunyar iska ta ƙarfe saboda in wuta ta ɗauke, wata ma'aikaciyar jinya a asibitin kuma ta ce kada su dogara da ita fiye da awa guda.

Matar ba ta ce komai ba game da abin da ya wuce, ko da yake ita ta yi jinyar hannun nan tana amarya. Ta durƙusa ta gaida Yaya, ta kawo masa abinci, ta wanke masa kwano. Sai dai falon shi ne hanyar kowa. In za a shiga kicin sai an tsallake bututunsa, 'yan matan sun daina dariya, suna tafiya da sanɗa. Babba kuwa in tari ya sarƙe shi sai ya juya fuska bango yana danne shi, don kunyar matar ƙanensa. A rana ta uku, ya sa aka fito masa da kujera baranda, ya zauna yana kallon tsakar gida. Can ya ɗaga yatsa ya nuna garejin da ke ƙarshen filin, bayan bishiyar lemo.

Garejin ya daɗe bai ga mota ba. Kwalayen shago ne a ciki, da tsohuwar taya, da keken ɗinki da ya lalace. Yana da taga da 'yar ƙofa a gefe, ga banɗakin waje kusa da shi, babu matakala ko ɗaya. Abu ɗaya ne ba shi da shi, wato wuta. Shekara da shekaru matar tana yi wa mijinta tsiya a kan haka, wai a ce mai sayar da ƙwan fitila ɗari a wata, matarsa tana neman tukunya a gareji da tocila. Shi kuma ya ce mata gobe.

Ƙarami bai so maganar ba, ya ce me mutane za su ce, a ji ya ajiye yayansa a gareji. Babba ya ce mutanen su zo su kwana a falon su ji yadda ake yi. Yana son wurin da zai yi tarinsa ba ya ƙirga wanda ya tasa.

Sai Ƙarami ya kira wani mai aikin wuta da ke sayen kaya a wurinsa. Mutumin ya zo da yamma, ya leƙa garejin, ya leƙa kicin, ya ce ai wannan aikin minti talatin ne. Za a ciro waya daga soket ɗin kicin ta taga, a rataya ta a reshen lemon nan, a shigar da ita ta saman ƙofa, a naɗe mahaɗar da salatif, shi ke nan. Babba yana kujerarsa yana ji. Ya yafito ƙanensa da hannu, ya tara numfashi, ya ce a ba mutumin ruwa ya sha ya tafi. Sauran masu aikin da Ƙarami ya yarda da su kuwa, kowa ya ce sai mako mai zuwa.

"Kai fa?" in ji Babba.

Ƙarami ya ce ai ya san shekara nawa rabonsa da aiki.

"Yatsu biyu ka rasa. Ba kanka ba."

Matar tana tsaye da tire a hannu. Ƙarami ya ga yadda ta ƙame, ya ga bakinta ya motsa, sannan ta juya ta shiga ciki. Shi kansa ya ji maganar ta soke shi har ƙahon zuci. Amma sai ya shiga ɗaki ya jawo tsohuwar jakar kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Filayar ta yi tsatsa, sai da ya ɗiga mata mai.

Da safe suka fara. Babba ya sa shi ya auna daga bangon gida zuwa bangon gareji, mita goma sha takwas cif, ya ce ya ƙara huɗu saboda hawa bango da shiga akwati. Ya hana shi ɗauko siririn kebul, ya ce mai kauri zai kawo, mai rigar ƙarfe, wanda ake binnewa, domin ba ƙwan fitila kaɗai za a kunna ba, akwai na'ura, akwai fanka, wata rana wani zai jona abin dafa ruwa bai tambayi kowa ba. Garejin kuma a yi masa nasa ɗan akwatin da nasa makunnin tsaro, yadda in wani abu ya faru can, can zai tsaya. Ƙarami ya san duk wannan, shi yake gaya wa masu saye kullum. Amma ya tsaya ya saurara har ƙarshe, ganin yadda kowace jimla take cin yayansa numfashi uku.

Haƙar ramin ita ta fi ba shi wuya. Yatsu biyu da rabi ba sa riƙe diga yadda ya kamata, sai ya naɗe hannun da tsumma ya riƙa jan nauyin da hagu. Kafin azahar tafinsa ya yi bororo. Ya haƙa har rabin ƙwauri ya ce ya isa, Babba ya girgiza kai daga baranda ya nuna gwiwarsa, ya kuma ɗaga hannu sama kaɗan. A tsakiyar hanya suka ci karo da saiwar lemon, kauri kamar damtse. Ƙarami ya ɗauko adda, matar ta fito ta ce in ya taɓa mata bishiya ya nemi wurin kwana, sai ya haƙa ta ƙarƙashin saiwar da hannu kamar ɓera. Nan ne Babba ya yi dariya karo na farko tun zuwansa, dariyar ta koma tari, aka yi ta bubbuga masa baya.

Kwana biyu ramin ya ci. Matar ce ta riƙa ɗebo yashi a kwano tana zubawa a gindinsa, domin Babba ya ce kebul ba ya kwanciya a kan tsakuwa. Suka shimfiɗa kebul ɗin su biyu, ita tana warware shi daga ƙafar baranda, shi yana ja da baya da baya. Aka ƙara yashi a kai, aka jera jan bulo tun daga farko har ƙarshe don duk wanda ya zo haƙa nan gaba ya ci karo da bulo kafin ya ci karo da wuta, sannan aka mai da ƙasa.

A cikin garejin Ƙarami ya yi aikin shi kaɗai, bututun Babba bai kai can ba. Ya kafa akwatin a bango, ya sa soket biyu kusa da inda gadon zai zauna, makunnin fitila kuma ya sauko da shi ƙasa yadda mutum yana kwance zai kai hannu. Ya buga sandar ƙarfe a bayan bango ya ɗaura mata wayar ƙasa. Da farko sukurori sun yi ta zame masa suna faɗuwa, har ya zauna a kan tayar nan ya dafe kai. Daga baya ya gano in ya riƙe sukurun da babban yatsa da manuni na dama, hagu tana iya juya sukudireba. Duk abin da ya gama sai ya ɗauki hotonsa a waya ya kawo baranda. Babba ya matso da hoton kusa da ido, ya ce wannan jan ƙarfen ya leƙo da yawa, a sake. Ƙarami ya koma ya sake.

A rana ta huɗu da fara aikin saura abu ɗaya, a haɗa kebul ɗin da akwatin rarraba wuta na gida. Akwatin yana cikin lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin yara. Mita da babban makunni kuwa suna waje, a bangon baranda, daidai kan kujerar Babba. Haɗawar ba ta yiwuwa sai an kashe wutar gidan gaba ɗaya, kashe ta kuma yana nufin na'urar za ta tsaya.

Ƙarami ya yi ta juya abin a ransa tun da asuba. Ya san hannunsa ba sauri gare shi ba. Ya ce wa yayansa yana ganin zai iya kashe ɓangare ɗaya kawai, ya bar layin falo, ya yi a hankali. Babba ya dube shi kallon da ya saba yi masa suna yara, ya ce a kawo tukunyar iskar. Matar ta kawo, suka mai da bututun kanta kamar yadda aka koya musu, allurar da ke wuyanta ta nuna a cike take. Ƙarami ya kai hannu ya sauke babban makunni. Gurnanin na'urar ya tsaya, gidan ya yi tsit.

Ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar ƙafarsa ta tsaya da kanta. Ya waiwaya, ga makunnin, ga Babba zaune a ƙarƙashinsa, ko tashi ba sai ya yi ba zai kai hannu. Bai yi niyyar waiwayen ba, kuma ya so a ce yayansa bai gani ba. Amma ya gani.

"Dawo," in ji Babba. "Cire fis ɗin. Ka sa a aljihunka."

Ƙarami ya ce ba sai an yi haka ba, lokaci na tafiya.

"Cire shi."

Ya dawo ya zare fis ɗin gidan da ke gefen makunnin, ɗan abin tangaran ɗin nan da in babu shi ko an kunna wuta ba ta shiga. Ya jefa shi a aljihun gaba. Zai juya, Babba ya riƙe masa gefen riga. Riƙon ba ƙarfi, ko yaro zai fizge.

"Ranar nan ba ji na yi ka ce ka gama ba," in ji shi. Ya tsaya ya ja iska. "Ban ji komai ba. Hira muke da mai gidan burodin, ya ce in gwada masa fitilun waje. Na manta kana ciki."

Ƙarami ya dafa bango. Shekara ashirin da uku yana riƙe da uzurin da ya ƙera wa yayansa, ashe ko shi babu. Mantawa aka yi da shi. Ya dubi allurar tukunyar, ya dubi matarsa da ke tsaye ta toshe baki da gefen mayafi. Abubuwa da yawa suka taso masa, wanda ya fara fita shi ne tambayar da ta fi daɗewa.

"Me ya sa ka gaya wa Inna ni ne?"

Babba ya ce ya shiga ɗakin asibitin da niyyar faɗin gaskiya. Ya tarar da ita zaune ta riƙe ƙafar Ƙarami, ta ɗago ta dube shi, sai ya ji bakinsa ya faɗi wani abu dabam. Bayan nan kullum yana cewa gobe zai gyara, har ta rasu.

"Ta sani," in ji Ƙarami. "Ana saura kwana kaɗan ta rasu ta ce da ni, kai da ko murhu ba ka bari sai ka duba sau biyu, ta yaya za ka taɓa waya da wuta. Ta ce in bar ka, abin da ke cinka ya ishe ka."

Babba ya saki rigar. Bai yi kuka mai sauti ba, ba shi da numfashinsa, hawayen ne kawai suka bi gefen bututun suna ɗiga a ƙirjinsa. Ƙarami ya tsaya a kansa. Matar ce ta ce masa ya je ya yi aikinsa, ita tana nan.

Ya shiga lungun ya buɗe akwatin. Ya sa testa a kowace waya, babu wuta, ya sake sawa. Ya jingina goshi da bango ya ɗan tsaya. Sannan ya fara. Ya feɗe bakin kebul ɗin, ya kama rigar ƙarfen da maɗaurinta, ya kai wayar ƙasa wurinta, ya ɗaura sauran biyun a sabon makunnin da ya tanada wa garejin. Sukuru ɗaya ya faɗi bayan buhun gawayi, ya durƙusa ya lalubo shi. Daga baranda matar tana faɗa masa inda allurar ta kai, rabi, ƙasa da rabi. Ya ja kowace waya da yatsa ya tabbatar ta kamu, ya rufe akwatin. Minti arba'in da ɗaya ya yi.

Ya fito ya mai da fis ɗin, ya ɗaga makunni. Na'urar ta yi ƙara ta ci gaba da gurnaninta, suka mai da bututun kanta. Sai da ya ga kafaɗun Babba sun daidaita sannan ya taka zuwa garejin, ya ɗaga makunnin can, ya danna na fitila. Ƙwan ya kama. Da rana ce, hasken bai nuna sosai ba, sai ya buɗe babbar ƙofar gaba ɗaya don a hango daga baranda. Babba ya ɗaga hannu, ya ce a gwada makunnin tsaron. Ƙarami ya danna ɗan maɓallin gwaji, wutar garejin ta ɗauke nan take, ta gidan ba ta motsa ba. Babba ya gyaɗa kai ya lumshe ido.

Washegari suka share wurin, 'yan matan suka wanke ƙasa suka rataya labule, aka kai gado da kujera. Ƙarami ya goya yayansa a baya ya tsallaka da shi tsakar gidan, matar na biye da na'urar a rungume.

Ba su sake tayar da maganar ba. Ƙarami bai ce ya yafe ba, Babba bai roƙa ba. Kwana biyu na farko ma Ƙarami ya kasa zama a garejin, sai ya leƙa ya tambayi jiki ya fita, domin duk lokacin da ya tuna kalmar nan ta mantawa sai ya ji ƙirjinsa ya yi zafi. A rana ta uku ya dawo daga shago da wata fanka da mai ita ya kawo ta ƙi juyawa, ya ajiye ta a gaban gadon ya ce ya rasa gane ciwonta. Ya gane, amma ya bar Babba ya gano. Daga ranar kullum da la'asar yakan zo da wani abu, dutsen guga ko tsohuwar rediyo, ya zauna a bakin gadon yana kwancewa, Babba yana nuni da yatsa yana ce masa hannunsa ya mutu, shi kuma yana cewa ai ya san wanda ya koya masa.

Wata biyar Babba ya yi a garejin. Ya ga hoton jikansa a waya, ya ce kunnuwan nasu ne, Allah ya ba yaron haƙuri. A watan ƙarshe magana ta gagare shi, sai nuni. Ranar wata Lahadi da safe Ƙarami yana goge masa fuska da ruwan ɗumi, ya ji numfashin ya yi nisa, ya dawo, ya sake nisa. Ya kira matarsa. Suna riƙe da shi su biyu ya cika.

'Yar Babba ba ta sami isowa ba sai bayan kwana biyu, da jaririnta a kafaɗa. Ta ce a nuna mata inda ya zauna. Ƙarami ya kai ta. Ta tsaya tsakiyar ɗakin tana duban gadon da aka naɗe, ta yi kukanta, bai hana ta ba. Da ta natsu ta zauna a kujera, ta ce ita fa ba ta san mahaifinta da surutu ba, tun tasowarta mutum ne mai shiru, bai taɓa ba ta labarin yarintarsa ba. Ta tambaya ko haka yake tun asali.

Ƙarami ya ce ina, ai duk unguwarsu babu mai bakinsa. Ya jawo bokiti ya kifa ya zauna a kai. Ya ba ta labarin ranar da Babba, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya kwance agogon bangon mahaifinsu don ya ga abin da ke ƙara a ciki, ya mayar da shi tsaf, sai ga ƙananan ƙarafa uku sun rage a tabarma, agogon kuma ya ci gaba da tafiya. Ya ce har agogon ya tsufa Babba yana cewa masu ƙera shi ne suka yi almubazzaranci. Ta yi dariya da hawaye a fuska, jaririn ya farka ya fara ƙananan kuka. Ta gyara masa kwanciya a cinya, ta ce, "Sai kuma me, Baba Ƙarami?"

Ya gyara zama a kan bokitin, ya ci gaba.